Ciyawar Dutse a Wurin Ajiye Motoci

Shekara talatin da biyu kawuna ya yi a ɗakin adana busassun tsirrai na wata cibiyar bincike, ɗaki mara taga, mai warin kafur. Aikinsa ya hau dutse, ya tsinko ganye, ya danne shi cikin tsohuwar jarida, ya manna a kwali, ya rubuta inda ya samo shi, sannan ya sa hannu a ƙasa. Firamare kawai ya yi. Ba shi da gida, ba shi da mota, abin tinƙahonsa ɗaya ne: bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba.

Sai aka kawo wani Farfesa mai binciken yadda tsirrai 'yan dangi ɗaya suka rarrabu, wannan ya saba da sanyi, wancan da zafi. Dabarar ita ce a ɗiga wa kowane kwali alama a taswira, kwamfuta ta ɗauko ruwan sama da zafin wurin, sai a jera a kan salsalar dangin a ga inda hali ya sauya.

To, tsofaffin kwalayen ba su da lambobin taswira, sai kwatance irin na Kawu: bayan dutse, gefen rafi, tafiyar awa uku. Ga Kawu a ɗaki na gaba, amma girman kai ya hana a tambaye shi. Duk kwalin da ba lamba, aka ba shi adireshin hatimin da ke jikinsa, wato na cibiyar. Haka ciyawar kan dutse, kwali ɗari huɗu, ta faɗo a taswira tsakiyar wurin ajiye motocin cibiyar, inda kwalta ke narkewa da rana. Wai an gano abin mamaki, ciyawar da ta bar danginta ta koyi zafi. Tir!

Da Kawu ya ga taswirar a bango, ya tafi ofis ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ciyawar nan ko kwana biyu ba za ta yi a nan ba. Ni na tsinko ta, sai da na saka rigar sanyi biyu."

"Baba, wannan lissafi ne, ba tsinkar ganye ba," in ji Farfesa, ko ɗago kai bai yi ba.

Bayan wata shida aka buga binciken. Farfesa da kansa ya kawo wa Kawu kwafi yana washe baki, ya ce ya duba shafin ƙarshe. Kawu ba ya jin harshen da aka yi rubutun da shi, sai ya kawo mini in karanta masa. Wallahi na so in yi masa ƙarya, na kasa. An rubuta godiya ta musamman ga mai kula da ɗakin tsirrai, wanda ya tabbatar da ingancin kowane wuri ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Ni na tabbatar?" ya ce.

Ya ƙara shekara biyu a wurin kafin ya yi ritaya. Ya ci gaba da danne ganye yana mannawa, amma duk kwalayen shekarun nan, in ka duba ƙasansu, ba sa hannun kowa.