Tallar da ta ci mini yatsu biyu

Masu cewa na gudu da oda, ku kwantar da hankalinku. Ina nan unguwar Abbasiya a Alƙahira. Jinya ce ta rufe mini baki tun sanyin da ya wuce.

Kun san rigunan sanyi nake sayar wa sababbin ɗalibai. Da na ji dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Sina, na ce talla ta samu. Na ja abokina Bashir muka hau can, don ya ɗauke ni hoto da waya, ni kuma in tsaya sanye da hajata.

Ashe sabuwar dusa ce kwance kan tsohuwa mai santsi kamar gilashi. Ina taka gangaren na ji wani gum a ƙarƙashina, sai wurin gaba ɗaya ya tafi da ni. Dusar ta binne ni har ƙirji, ta kame kamar siminti. Numfashi ma da ƙyar.

Kafin Bashir da mutanen wurin su tono ni, takalmi ɗaya ya ɓata, ƙafar dama ta yi fari fat, ba na jin ta.

A rumfar mai shayi na miƙa ta ga wuta. Bahaushe da sanyi, me ya sani in ba jin ɗumi ba? Ban ji zafi ba. Ƙauri Bashir ya ji, ya fizge ni.

A asibiti a Alƙahira aka yi hoton jijiyoyi, ga allurai, ga wankin ciwo kullum. Jarina ya tafi a magani. Yatsun suka fara baƙi. Likita ya ce sai an jira mataccen nama ya rabu da mai rai, inda iyakar ta tsaya nan wuƙa za ta bi. Na ce, doktor, ba ragi? Bai yi dariya ba.

Nan tsoro ya shige ni. Kullum ina kallon baƙin, ko ya hau.

Kowace safiya matata Hajara takan ciro fil ɗin hijabinta ta tsikari babban yatsa. Wata rana na gaji da ganin fuskarta, na ce na ji.

Ta ce, "Baban Amira, ban taɓa ka ba tukuna."

Rannan na yi kuka.

Can wata safiya ta tsikara, na kurma ihun da ya tashi ɗakin. Nas ta leƙo ta ce mabruk, wato barka. Ƙananan yatsu biyu aka cire, ƙafar ta tsira. Alhamdulillahi.

Bashir, Hajara, da ku masu addu'a, Allah ya saka.

In za ku hau, ku tafi da ɗan jagora, kada ku taka gangare bayan sabuwar dusa. Gaɓar da ta daskare, ba wuta, ba murza, a nufi asibiti.

Har yanzu ƙafar tana zogi. Duk sanda ta yi, godiya nake.