Ƙullin Yis a Kunun Suna

Akwai ranar da har yau ban manta ba, wata Asabar cikin bazara, ina shekara ta biyu a shagon Graham da ke Camberwell. Ku da kuke tsokanata wai Dauda mai giya, to ku saurara. Mu ba ma sayar da giya, kayan haɗinta muke sayar wa masu dafawa a gida. Abu huɗu ne: ruwa, wanda kowa ke da shi a famfo, sha'ir da aka jiƙa ya tsira aka busar, shi suke kira malt, wani fure mai ɗaci, hops, sai yis. Tsiron ne ke mayar da hatsi zaƙi, yis kuma ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa. Ni ɗan Kafanchan ne, na yi Legas, na yi Kwatano, na yi Napoli, ko'ina na ga ana wannan sana'ar, sunan hatsin ne kawai ke canzawa.

Ran Juma'a da yamma wata Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. 'Yarta Ummi, haihuwar nan London, ita ta shigo da wayarta a hannu. Da na ji Hajiya na mata faɗa da Hausa sai na fita na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, me ya kai ka nan?" Na ce neman abinci, Hajiya, ke kuma fa? Sai ta yi dariya.

Ashe gobe sunan jikanta na fari, dangin uban jaririn sun taso tun daga Kano, ta kuma yi alkawarin kunun zaƙi irin na gida. Ta zaga Peckham ba ta sami tsiro ba. Na rantse mata cewa namu hatsi ne zalla, babu abin da ya taɓa shi, na niƙa mata. To Graham yana da wata al'ada: duk wanda ya sayi malt sai ya jefa masa ƙullin yis a leda, kyauta. Ina waje ina sallamar Hajiya, ya jefa wa Ummi.

Washegari ina buɗe shago waya ta yi ƙara. Ummi ce, tana Turanci tana kuka, wai kunu na numfashi. Ta ga ƙulli a leda, ta karanta bayansa, ta ɗauka cikin haɗin yake, ta juye a bokiti bayan uwarta ta gama damu. Kicin kuma da ɗumi.

Graham ya karɓi wayar yana cewa ai 'yar barasar da ta taru ba ta kai ta bugar da kyanwa ba. Hajiya ta sa aka ba ni, ta ce, "Faɗa wa maigidanka ko ɗigo ne ba zan ba baƙina ba. Na zubar. Walima bayan la'asar ce, kunu kuma sai ya kwana. Ka san abin da surukai za su koma Kano su faɗa?"

Da na fassara masa, mutumin nan ya yi ja kamar tumatir. Sai ya ce ai tsiro ba kwana yake so ba, zafi yake so daidai, in an riƙe masa zafin zai yi aikinsa kafin azahar. Ya rufe shago, ranar Asabar fa, ranar ciniki. Muka ɗauki sabuwar tukunya da ba a taɓa dafa komai ciki ba, da wani tsiron, da ma'aunin zafi, da bargo, muka kira tasi.

Ku zo ku ga Graham, ƙato mai gemu, ya tuɓe takalmi a ƙofar gidan Hajiya, safarsa a huje, mata na ta guɗa. Hajiya ta dama garin gero da citta da kanumfari, shi yana riƙe da ma'auni yana cewa a dakata, ni ina tsakiya ina tafinta. Da zafin ya sauka muka zuba tsiro, muka naɗe tukunya da bargo kamar mai jego. Muka zauna jira. Ummi sai leƙe take, uwarta na bugun hannunta.

Da aka buɗe, kaurin ya saki. Hajiya ta ɗiba a ludayi ta kurɓa, ta lumshe ido. Ta ce zaƙi ya yi, tsami ne babu, a miƙo mata tsamiya. Aka tace, aka sa ƙanƙara.

Kakar jaririn ta wajen uba ta sha, ta nemi ƙari, ta tambayi wa ya dama. Hajiya ta nuna Graham da baki ta ce, "Wancan Baturen ne ɗan aikina." Aka cika masa faranti da waina.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba ka san tukunyar da kayanka za su faɗa ba. Tun ranar, ko kyauta Graham zai ba mutum, sai ya fara tambayarsa me zai dafa.