Ƙanin Mijina, Masanin Hannun Jari

Lokacin da muke haya a unguwar Highbridge, can ƙasar waje, ni ina aikin jinya a asibiti, maigidana yana koyarwa. Kuɗin obataim ɗina ba na taɓa shi, wani asusun hannun jari nake zuba shi, irin wanda ke sayen kamfanonin da ke ƙara rabon riba duk shekara. Kafin in shiga sai da na bi tarihinsa: rabon yana ƙaruwa kuwa? In kasuwa ta faɗi, ina yake tsayawa? Farashinsa na gani yana hawa a hankali, kamar tsohuwa a matakalar unguwarmu. Hakan ya yi mini.

Mijina yana da wani ƙane, ɗan baffansa, wanda ya zo karatun digiri na biyu, karatun ya ƙi ƙarewa. Duk Lahadi yana gidanmu, cokali a dama, waya a hagu.

"Anti, wannan asusun na 'yan fansho ne," in ji shi, bakinsa cike da shinkafata. "Dubi layin farashin nan a waya, ko motsi ba ya yi. Kuɗinki barci yake."

Na ce, "Bar shi ya huta, ni na sha wahalar nemansa."

Layin mako ɗaya yake dubawa ya yanke wa shekaru hukunci.

Wata bazara kasuwa ta girgiza, asusun ya sauka, ko da yake bai kai sauran faɗuwa ba. Sai ga shi ranar Talata, yana haki, wai in sayar kafin komai ya rushe. Na tambaye shi ko kamfanonin sun rage rabon riba. Bai sani ba. Na ce to shi me ya sayar? Ya gyara zama ya ce shi tukuna yana nazarin kasuwa. Ashe ko hannun jari ɗaya bai taɓa mallaka ba!

Da ya ga ba ci a wurina, ya tsallaka ƙofar maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Zongon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, muna ce mata Hajiya. Ni na kai ta ga asusun, da shi take tanadin ginin ɗaki a gida. Ya nuna mata jan layi a waya, ya yi mata ruwan Turanci. Ta tsorata, ta sayar duka da hasara, ba ta faɗa mini ba sai da farashin ya koma inda yake, har ya ɗara.

Da ya zo cin abincin Lahadi, na tare shi a gaban yayansa.

"Ni ban ce Hajiya ta sayar ba," ya ce, ko kunya babu. "Bayani kawai na yi mata."

Mijina ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauke farantin daga gaban ƙanin nasa, na buɗe masa ƙofa.

Hajiya ta sake saye da tsada, ta ƙara aikin Asabar don cike giɓin. Shi kuma bayan wani lokaci na hango shi a Fordham Road cikin kwat, yana raba takardun gayyata zuwa laccar da zai gabatar kan sirrin zuba jari. Na tsallaka titi, na shiga shagon sayar da doya.