Baƙin Wuyan Yaya Ba Dauɗa Ba Ne

Allah da ya ba mu aronta ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Yaya ta cika a gado na uku daga ƙofa, a ɗakin mata na asibiti, tana da shekara hamsin da uku. Daga gare shi muke, gare shi za mu koma. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma shekara goma sha tara muka yi muna girki kafaɗa da kafaɗa a kicin ɗin masaƙa, inda ake ciyar da ma'aikata ɗari huɗu kullum, kuma ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya. Ma'aikata kuwa Mai Ludayi suke ce mata.

Yaya, an ce mini ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na ji, amma ban ɗauka ba. Kin ba ni saƙo a gadon asibiti, ban isar ba tukuna. Akwai kuma matar da ban yafe wa ba, shugabarmu ta kicin. Na ga wani abu a jikinta wanda in na faɗa mata zai iya cetonta, yau kwana tara ke nan na ja bakina na kulle. Ban san abin da zan yi da ita ba sai na kai ƙarshen takardar nan.

Ranar da na fara aiki, wata biyu da rasuwar mijina, na ƙona shinkafar mutum ɗari. Na tsaya a gaban tukunya ina jiran kora tun ban san inda ake rataye riga ba. Kika karɓe muciyar daga hannuna, kika je kika ce wa manaja ke ce kika yi gyangyaɗi. Da kika dawo ba ki yi mini wa'azi ba. Kankare ƙanzo kawai kika sa ni, kina zaune a kan bencinki kina mini dariya har da hawaye.

Kin san mutum ɗari huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Kin san wanda matarsa ta haihu, da wanda ciki ke damunsa ba ya son yaji, da wanda ke ɓoye rabin burodinsa ya kai gida. Wata rana wani mai kula da inji ya miƙo kwano da hagu. Kika ƙi zuba masa sai ya nuna dama. Ashe inji ya murje masa yatsa kwana uku da suka wuce, yana ɓoyewa don tsoron a sallame shi. Kika ajiye ludayi, layi na tsaye, kika tasa ƙeyarsa har wurin mai ba da magani.

Jiki kam Allah ya ba ki, kuma ke kika fi kowa yi masa ba'a. In za ki shiga sito sai kin karkace, kina cewa, "Ba ni na yi faɗi ba, ƙofar aka yi wa rowar katako." Kujeru biyu suka mutu a ƙarƙashinki kafin kafinta ya haƙura ya yi miki benci. Haka mahaifiyarki take, kin faɗa mini, ga haihuwa huɗu, ga ɗanɗanon tukunya goma a wuni, ga shi ba kya iya ganin abinci ya tafi bola. Ba na musun cewa ƙibar ta wahalar da ke. Zafin murhu da gumi sukan sa matsematsinki su saɓe, ƙarƙashin ciki da hammata su yi ja, su yi ta ƙaiƙayi. Shi ya sa ba ki rabuwa da jakarki mai riga biyu, da hoda, da ƙyallayen auduga da kike ninkewa ki sa a inda fata ke haɗuwa da fata. Wanka uku kike yi a rana. Ke kika koya mana dafa tsummokin goge kwano kowace yamma. Duk wanda ya ce akwai wadda ta fi ki tsafta a kicin ɗin nan, ya zo ya faɗa a gabana.

Sai wuyanki ya fara baƙi. A hankali ya fara, daga ƙeya, ya zagayo gefe, fatar ta yi kauri da laushi kamar karammiski, da 'yan ƙananan tsiro nan da can. Ba ciwo, ba wari. Muka ce zafin wuta ne, muka bar maganar.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana sabuwar shugaba. Farin hankici take yawo da shi, ta goga a tebur, ta goga a bayan firji, ta ɗaga ta duba, shi ya sa muka sa mata Mai Hankici. Wata Litinin da safe ta jera mu za ta duba farce, tagar raba abinci a buɗe, ma'aikata sun yi layin shayi suna kallo. Da ta zo kanki ta tsaya. Kin girme ta da shekara goma sha biyar, amma ko Inna ba ta ce miki ba.

"Ke, sunkuyo," ta ce.

Kika sunkuya. Ta goga hankicin a wuyanki da ƙarfi, sau uku, ta ɗaga. Fari tas. Na gani da idona, duk wanda ke layin nan ya gani. Maimakon ta ji kunya sai ta yatsine fuska.

"Ya riga ya kama jiki. Dauɗar shekaru ce. Da wannan wuyan ake ba mutane abinci?"

Ba wanda ya tsaya miki, har da ni. Na sunkuyar da kai ina kallon farcena.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'yarki ba ta sani ba. Da aka tashi hutun rana kika ja ni sito kika rufe ƙofa. Kika miƙo mini soson ƙarfen da muke kankare tukunya, da garin sabulu, kika ce hannunki ba ya kai wa ƙeya. Na ce, "Yaya, wannan ai zai ji miki ciwo." Kika ce, "Dirza kawai, ƙanwata. Gara ciwo da abin da na ji yau." Na dirza. Kina riƙe da buhun wake, ba ki yi ko tari ba, har jini ya fito. Kwana shida muna haka. Baƙin bai tafi ba, fata ce ta tafi. Ni na yi wannan da hannun nan da nake rubutu da shi, kuma duk hukuncin da nake roƙa wa wata, na san akwai kasona a ciki.

Da Mai Hankici ta ga miki a wuyanki sai ta ce ga shaida. Ta ɗauke ki daga taga ta mayar da ke wankin tukwane a baya, inda ruwa ba ya bushewa a jikin mutum daga safe zuwa yamma. Matsematsin da kike tattalawa shekara da shekaru suka jiƙe suka tsage. Mutanen da kika ciyar suka fara kauce miki a hanya. Bayan wata biyu aka miƙo miki takardar sallama, layi huɗu, dalili kalma biyu: rashin tsafta. Shekara ashirin da shida na aiki. Kika ninke ta kika sa a jaka, kika yi wa kowa sallama da hannu, ba ki ɗauki ko bencinki ba.

Daga nan kika shige ɗaki. Ke da kike tasa ƙeyar ƙarti zuwa wurin magani, kika ƙi zuwa asibiti. In na yi magana sai ki ce, "In je in buɗe wa wa? Su ma su ga ƙazama?" Kina naɗe wuya da gyale cikin zafi, kina shafa duk man da aka ce yana wanke fata. Ƙishirwa ta dame ki, fitsari ya yawaita, mikin ya warke ya dawo, ya warke ya dawo, na ƙarƙashin ciki kuma ya ci gaba da ci ba wanda ya sani. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ke, ƙafa ta kumbura ta yi ja, sannan 'yarki da mijinta suka ɗauke ki zuwa asibiti ba da son ranki ba.

Likitar ba ta kai 'yarki shekaru ba, amma ta gaishe ki da ladabi, ta nemi izini kafin ta zame gyalen. Ta taɓa wuyan da yatsunta, ba ta yatsine ba. Ta ce, "Inna, wa ya ce miki datti ne? Ba datti ba ne. Masu ƙiba da yawa suna samun haka a wuya da hammata. Alama ce jiki yake bayarwa cewa ya fara kasa sarrafa suga. Ba a dirzawa, jini ake aunawa." Ta ce ciwon suga ya daɗe a jikinki, shi ya hana mikin warkewa, ta nan ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Ta ce da an auna tun wuyan yana sabon baƙi, da magani da gyaran abinci da 'yar tafiya sun yi aiki.

Ban taɓa ganin wanda aka faɗa wa mugun labari ya yi murmushi irin naki ba. Kika kamo hannuna kika ce, "Likita, maimaita, ƙanwata ta ji." Ta maimaita. Kika ce mini, "Ki faɗa musu a kicin. Ki ce ni ba ƙazama ba ce." Kwana biyar bayan nan kika tafi.

Kwana biyu da rasuwarki Mai Hankici ta zo gaisuwa, da tawagar ofis da katan ɗin lemo. Ta ce wa 'yarki kin kasance uwa a gare su. Ban san inda na samo haƙurin da ya zaunar da ni ba. Shekarun nan uku na zaman kujera sun sa Mai Hankici ta yi jiki sosai, kuma ta koma yawo da gyale a wuya, muna cewa ado ne. Da ta sunkuya za ta sa takalmi, gyalen ya zame. Ina bayanta. Yaya, na gan shi. Baƙin nan ne sak, daga ƙeya ya zagayo gefe, ga kuma sawun soso ja a kai, ɗanye. Ita ma dirza take yi a ɓoye.

Ba zan yi miki ƙarya ba, daɗi na ji. Na koma gida na ci abinci har na ƙara, karo na farko tun da kika kwanta. Tun ranar ni nake kai mata shayi ofis kowace safiya. Suga cokali uku take sha, ban rage mata ko ƙwaya ba. Ina ajiye kofin, in ce a sha lafiya, in fito ina lissafin wata nawa zai ɗauke ta kafin ta kai inda kika kai. Na so ta bi hanyar taki ɗaya bayan ɗaya, ta ji kunyar, ta ɓoye, ta ruɓe a ƙarƙashin gyale ba wanda ya ce mata komai.

Amma ga saƙonki a kaina ban isar ba. Ba yadda zan faɗa wa kicin cewa baƙin wuyanki alamar ciwo ce ba tare da ita ma ta ji ba. In na wanke ki, na cece ta. In na bar ta ta mutu, kin tafi da sunan ƙazama. Kwana tara ina juya wannan, kuma na gane ba ta kai darajar da zan bar sunanki a cikin datti dominta ba.

Saboda haka, ke Mai Hankici, saurara, da ke nake. Abin da ke wuyanki ba dauɗa ba ne. Ki ajiye soson, ki je a auna jininki a makon nan. Da zan iya jan ki gefe in faɗa miki a asirce, amma ke ba ki ja Yaya gefe ba. Gobe da safe zan manna takardar nan a jikin tagar shayi, daidai inda layi yake tsayawa, kowa ya karanta kafin ki iso. In kin ga dama ki rubuta mini tawa takardar sallamar, sai dai wannan karon ki nemo dalilin da yake gaskiya. Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba, kuma shari'ar da ke tsakaninki da Yaya tana gaban wanda ba a goga wa hankici.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar Yaya da ta yi jinyarta ba ta gaji ba, da 'ya'yanta maza uku, da surukinta, da jikokinta, da ƙannenta, da abokan aikinmu, waɗanda suka yi kuka da waɗanda suka yi shiru irina. Ku ɗaga kanku, uwarku mai tsafta ce, ciki da waje. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Duk wanda ya ga irin wannan baƙin a wuyan nasa, ya kai shi a duba.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya yalwata miki kabarinki, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya yafe mini kwana shidan nan na sito, da kwana taran da na yi ina kai shayi. Ita kuma Mai Hankici ina roƙa mata lafiya da tsawon rai, da zuciya ɗaya nake roƙa. Allah ya bar mata hankalinta cif har tsufa, ta riƙa shan maganinta kowace safiya tana sane da wadda ta mutu kafin ita ta sani.