Ɗan Wasa Mai Sanƙo

"An sayar da shi?" na tambayi matata a waya, ina zaune a ɗakin da muke cunkushe da abokan aiki a nan Jidda.

Gem ɗin ƙwallon ɗana Walid nake nufi. Ni na sa ƙanina ya kai shi Sabon Gari ya sayar. Kun san ra'ayina, gem da katun zaman banza suke koya wa yara, kuma har yanzu ban janye duka ba.

Ta ce, "An sayar, Baban Walid. Amma ka taɓa tambayarsa me yake bugawa?"

"Ƙwallo mana."

"Ɗan wasa ya haɗa da kansa, ya sa masa sunanka, har da sanƙon da gemun. In ya dawo daga Islamiyya sai ya ce bari ya je su buga da Abba."

Rabona da gidanmu na Fagge tun Walid yana koyon tafiya. Ashe wuri ɗaya da nake a gidan, shi na sa aka sayar.

Na sa ƙanina ya koma shagon da ya sayar don ya karɓo shi, an ce wani ya riga ya saya.

Gobe zan kira yaron. Ku iyaye, da wace magana zan fara?