Hatano-san, Mai Tashin Masu Barci a Tarago na Huɗu

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Hatano Sumie take tashi, ba agogo, ba mai tashinta. Ta ɗora ruwan zafi, ta cura shinkafa dunƙule biyu ta naɗe a ƙyalle, ta zuba shayi a ɗan kofin da ke gaban hoton marigayi mijinta, ta ce masa, "Na tafi." Sai ta ɗauki laimarta, ko da hadari ko babu, ta kama matakala. A hawa na biyar take zaune, cikin tsofaffin benayen nan na bayan tasha da aka gina tun garinmu yana cike da yara. Yanzu yaran sun girma sun gudu Tokyo, an bar tsofaffi da matakala.

Shida saura kwata jirginmu yake tashi daga garinmu Kamisawa zuwa tashar Ikebukuro da ke cikin Tokyo. Da yake daga nan yake farawa, muna samun wurin zama, kuma wannan ita ce kaɗai ribar wanda ya nemi gida mai araha a inda sai ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi kafin ya ga ƙofar wurin aikinsa. Hatano-san, kamar yadda ake kiranta don girmamawa, tana zama a tarago na huɗu, kujerar da ke jikin ƙofa ta biyu. In an isa Ikebukuro ta bi cunkoson jama'a ta gangara ƙarƙashin ƙasa, ta shiga wani jirgin a tsaye, tasha shida, ta sauka ta sa rigar aiki. Shekara ashirin da tara ta yi tana wanke banɗakuna da matakalun wata tashar ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birni. Irin aikin da in an yi shi da kyau ba wanda yake lura, sai ran da aka bar shi.

Ita nake so in yi wa jinjina yau, tun tana raye, tun tana iya karantawa ta yi mini faɗa.

Ni ba a wurin aikinta na san ta ba. A tarago na huɗu na san ta, in har abin da muke yi a jirgi za a kira shi sani. Mu mutanen jirgin safe ba ma magana. Ba gaba muke yi ba, ladabi ne, ko dai abin da muke kira ladabi. Sai ka shekara goma kafaɗarka na gugar ta mutum, ka san ranar da ya yi aski, ka san watan da ya daina sa zoben aure, amma ba ka san sunansa ba, kuma abin kunya ne ka tambaya. Abin da muka ƙware a kai shi ne barci. Kafin a wuce tasha ta uku kawuna sun langaɓe, jaka a cinya, baki a sake, manyan mutane da laktaye.

Ita kaɗai ce idonta biyu, kuma ta san tashar kowa. In jirgi ya fara rage gudu zai shiga Oizumi, sai ta miƙa tsinin laimarta ta taɓa takalmin wani ƙaton mutum mai minshari, sau biyu, ƙwas ƙwas. Ya zabura, ya goge baki, ya ɗan sunkuyar da kai ba tare da ya dube ta ba, ya fice. A Nerima takalmina take taɓawa. Mu shida ne ko bakwai da laimar take kaiwa gare mu, wasu su yi ritaya, wasu su maye gurbinsu, kuma baƙo ba ya kwana uku ba ta gane inda yake sauka ba. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mata an gode. Shekara goma sha ɗaya ina barci da zuciya ɗaya saboda ita, amma a raina sunanta Mai Laima kawai.

Daga baya abokiyar aikinta, Iwabuchi-san, ta ba ni labarin cewa a can ƙarƙashin ƙasa ma haka take. Wata safiya ta shiga wanke banɗakin maza ta ji wani magidanci ya kulle kansa yana kuka, irin kukan da namiji yake toshe baki da hannun riga. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta kira ma'aikatan tasha ba. Ta fito ta kafa allon nan mai cewa ana wanki a dakata, ta tsaya a ƙofa da bokiti tana ba mutane haƙuri, suna hararar ta suna wucewa, har minti ashirin. Da mutumin ya fito ta miƙa masa tawul mai tsabta, idonta a kan bokitinta.

Hatano-san, ke ce wadda kika iya rufa wa mutum asiri ba tare da kin sa shi nauyin godiya ba. Wannan ba ƙaramin sani ba ne, kuma ba a koyar da shi a makarantun da muka yi ta tinƙaho da su.

Wata Talata cikin sanyin Fabrairu ba ta zo ba. Mun ga kujerar babu kowa, amma jiki ya riga ya saba, muka yi barcinmu. Ban farka ba sai da na ji ana cewa an iso Ikebukuro, kowa ya sauka. Muka tsaya a bakin jirgi mu huɗu, har da ƙaton Oizumi, kowa ya wuce tasharsa, muna kallon juna. A nan ne ya kamata wani ya ce, "Ina matar nan? Lafiya kuwa?" Ba wanda ya ce. Muka sunkuyar wa juna kai, kowa ya ruga neman jirgin komawa. Washegari muka saita ƙararrawa a wayoyinmu. Har yau in na tuna wannan tsayuwar kunya tana kama ni.

A lokacin da muke sunkuye-sunkuyenmu, tana kwance a ƙasan banɗakinta. Santsi ne ya kwashe ta, ƙugu ya bugu, ta kasa tashi, waya kuma tana can ɗaki. Ta kira, amma gidan da ke jikin nata ya shekara uku a rufe. Ɗanta guda yana can Hokkaido, sai sabuwar shekara yake bugowa. Yini biyu ta yi a wurin tana jin wucewar jirage. Aiki ne ya cece ta. Iwabuchi-san ta ce matar da ba ta taɓa makara ba, ba za ta yi fashin kwana biyu ba ko kira, ta shigo jirgi ta zo ta sa mai kula da bene ya buɗe ƙofa.

Bayan mako biyar ta dawo, da sanda a maimakon laima. Muka ɗan sunkuyar da kai. Ta ɗan sunkuyar. A Nerima na ji ƙwas ƙwas a takalmina, kamar ba abin da ya faru.

Ranar aiki ta ƙarshe a watan Maris, kafin jirgi ya tashi, ta miƙe tana dogara sanda ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙunshin biskit ɗin shinkafa, kamar yadda mai barin aiki yake raba wa abokan aikinsa. A jikin kowane ƙunshi akwai 'yar takarda da rubutun hannu: "Na gode da zaman tare. Daga watan gobe a kula da tasha. Hatano."

Ƙaton nan ya karanta, ya sake karantawa, sai muka ji murya a tarago na huɗu, abin da ba a saba ba.

"Hatano-san! Ashe sunanki ke nan?"

Duk tarago ya ɗago. Wani mai jarida har ya sauke jaridarsa.

"Rage murya, Oizumi-san, mutane na barci," in ji ta, tana kiransa da sunan tasharsa.

"Komuro ne sunana."

"To, Komuro-san, rage murya."

Ranar ya ƙi sauka a Oizumi, ni ma na ƙi sauka a Nerima. A Ikebukuro muka tsayar da ita a gefen wata na'urar sayar da abin sha, Komuro ya fiddo mana kofi mai zafi na gwangwani. Mai gadi ne a wani asibiti, kuma da bakinsa ya buɗe sai muka gane ashe mai surutu ne, shekarun nan bakin a ɗaure yake. Shi ya yi ta tambaya har ta faɗi abin da ya same ta. Ta faɗa tana dariya, kamar labarin wata.

"To yanzu da kika bar aiki, in kin sake faɗuwa wa zai sani?" in ji shi.

Dariyar ta tsaya. Ta juya gwangwanin a hannunta.

"Shi nake tunani in na farka," ta ce. "Ba mutuwar nake tsoro ba. Kar dai a daɗe ba a sani ba, a bar wa mutane aiki. Ni na san wahalar wanke wuri."

"Ba ni lambar wayarki."

"A'a."

"Haba Hatano-san, ai ba aurenki zan nema ba, ina da tawa masifaffiyar a gida."

"Kuna da iyalanku, kuna da aikinku. Ba zan zama kaya a wuyan kowa ba."

Muka yi juyin duniya ta ƙi. Sai can, da ta ga ba za mu bar ta ta kama jirginta ba, ta ce ai ana hango barandarta daga jirgi, ta tagar hagu, minti ɗaya bayan an bar Kamisawa, bene na uku a jeri, hawa na biyar. Za ta riƙa shanya tawul ruwan ɗorawa kowace safiya. In mun ga dama mu ɗaga kai. Wannan ta yarda da shi ne saboda ba zai ci wa kowa ko minti ɗaya ba.

Haka muka yi ta yi. Ni da Komuro muka koma kujerun da ke fuskantar tagar hagu. Jirgi ya tashi, mu ɗaga kai, mu ga tawul, mu dubi juna, sannan kowa ya rufe ido. Ita ba ma ganinta. Tawul ɗin kawai, a cikin baranda ɗari da ba kowa a cikinsu.

Wata safiya cikin Yuni, ba ruwa ba iska, muka duba ba tawul.

"Ka gani?" in ji Komuro.

"Na gani."

"Ko ta manta ne?"

"Wannan matar?"

Muka sauka a tasha ta gaba, muka kama jirgin komawa, mu kaɗai a tarago, duk duniya tana tafiya ɗaya ɓangaren. Komuro da tumbinsa ya riga ni kai wa hawa na biyar. Ya danna ƙararrawa yana haki yana kiran sunanta.

Ƙofa ta buɗe nan take. Tana tsaye cikin kayan fita, gashi a gyare, tawul ɗin a ninke a hannunta.

"Za ku makara," ta ce.

"Mun riga mun makara! Me ya faru? Mantawa kika yi?"

Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta sunkuya ƙasa sosai, irin sunkuyon da ake yi wa wanda aka yi wa babban laifi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ban manta ba," ta ce. "Ku gafarce ni. Wata biyu da rabi ina shanya shi. So na yi in san ko da gaske akwai mai dubawa."

Komuro ya cire takalmi ya shiga ba tare da an ce ya shigo ba. Ta yi ta buɗe kabad tana neman kofunan baƙi, ta same su can baya cikin kwali, sai da ta wanke musu ƙura. Muka sha shayi a zaune a ƙasa, jiragenmu suna wucewa ta taga ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya duba agogo. Da za mu tafi ta rubuta lambar wayarta a bayan wata ambulan, ta miƙa da hannu biyu.

Hatano-san, ke ce kika yi gadin barcin mutanen da ba su san sunanki ba, kika tsabtace hanyar dubban da ba su ga fuskarki ba. Mun gode, godiyar da ta makara shekara goma sha ɗaya. Ba ke ce ya kamata ki nemi gafara a bakin ƙofar nan ba. Mu ne, da muka bar ki har sai da kika gwada mu.

Ku kuma da kuke karanta wannan a tsaye cikin jirgi, hannu ɗaya a maƙale a sama, ku yi koyi da ita, ku lura da na kusa da ku. Amma kada ku yi koyi da mu. In akwai fuskar da kuka saba gani kullum, gobe ku daure ku ce mata ina kwana, ko da duk tarago zai ɗago ya dube ku. Kunyar ba ta wuce tasha ɗaya. Na gwada.