Hannun da Lokotoro Lawali Ya Ƙi Bari Ya Mutu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin ya same ni da hantsi a gidana na Belbeji, hannuna na hagu a ɗaure a ƙirji, ina fama da ludayin fura da na dama. Waya ta yi ƙara ban iya ɗauka ba, sai maiɗakina Hawwa ta ɗauka. Na ga ta saurara, ta zauna a ƙasa ba tabarma ba komai, tana salati. Ta ce Hajiya Zuwaira ce daga Tanut: mijinta Lokotoro Lawali ya faɗi a tsakar gida, kafin a sami motar da za ta kai shi Damagaram rai ya yi halinsa. Ludayin ya kuɓuce mini. Har yau ban sani ba, firgita ce ta sa, ko kuwa hannun ne ya fara komawa inda ya fito.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ɗan Tanut ne, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya daɗe a ƙasashen waje cikin masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da yadda take gyara kanta bayan ta yi rauni. Da furfura ta fara masa, ya tattaro ya dawo gida Damargu, yana zagaya ƙauyuka da tsohuwar motarsa yana duba masu farfaɗiya da masu shanyewar ɓarin jiki. Masana za su faɗi girman aikinsa, ni ba zan iya ba. Ni mushen lekol ne, wato malamin makaranta, abin da na sani kawai shi ne abin da ya yi wa hannun nan da nake rubutu da shi.

Ciwon ya kama ni a gaban allo, alli na hannuna. Na farka a asibiti, ɓarin jikina na dama kamar ba nawa ba, magana kuma ta guje mini. Da aka dawo da ni gida, dangi suka yi mini abin da ake yi wa kowa a nan don ƙauna. Aka shafe hannun da man shanu, aka naɗe shi, aka rataya mini shi a wuya, aka ce kada a wahalar da shi, ya huta. Ƙafa ta ɗan farfaɗo, magana ta dawo da kaɗan kaɗan, hannu kuwa ya yi shiru. Na koma ci da hagu, gaisawa da hagu. Wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Na daina zama a kwano ɗaya da mutane, na daina fita ƙofar gida don kada wani ya miƙo mini hannu. Wallahi kunyar ta fi mini ciwon ciwo.

A haka Lokotoro ya same ni. Ya yi sallama ya miƙo hannu, na miƙa masa hagu ina ba shi haƙuri. Bai karɓa ba, bai kuma janye nasa ba. Ya tsaya, hannu a miƙe, yana kallona, har zufa ta karyo mini. Da na ga ba shi da niyyar sauke shi, na ja na daman da kafaɗa, yatsuna suka ɗan motsa a tafinsa. Ya riƙe su ya ce, "Mushe, wannan hannun bai mutu ba. Kun dai haɗu da danginka kuna koya masa mutuwa."

Ya duba ni tsaf, sannan ya kwance ratayar, ya nemi Hawwa ta ba shi tsohon zane. Ya yage shi ya ɗaure mini hannun hagu, mai lafiyar, a ƙirji. Ya ce daga safe zuwa la'asar haka zan wuni, sai dai lokacin alwala da salla, ko in zan yi tafiya. Yayana Alhaji Sale, wanda shi ne babba a gidanmu, ya tashi tsaye. Ya ce shi bai taɓa ganin mugunta irin wannan ba, mutum ya rage da hannu ɗaya a zo a ƙwace masa shi, in ilimin Turai ke nan a mayar musu da abinsu. Lokotoro bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, "Alhaji, in na cuce shi, ga ni ga ka, gidana ba ɓoyayye ba ne."

Bayan hankali ya kwanta ya yi mana bayani. Ya ce da can likitoci sun ɗauka ƙwaƙwalwar babba ta gama ginuwa, abin da ya lalace ya tafi ke nan. Sai bincike ya nuna ba haka ba ne: in wani sashe ya mutu, na kusa da shi na iya karɓar wani abu daga aikinsa, amma sai an matsa masa, an maimaita, an sake maimaitawa. Ya kwatanta mana da burtali: in gona ta toshe shi, shanu za su buɗe wani, muddin ana kora su ta wajen, in an daina, ciyawa ta rufe. Hannun da aka ajiye kuwa, ƙwaƙwalwa takan sallame shi ta ba mai aiki wurinsa. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Ƙwaƙwalwa ba ta jin roƙo, abin da ka yi jiya take ji."

Mutum ne mai taurin zuciya a wurin aiki, ba zan ɓoye ba don ya rasu. Yakan zube mini wake a faifai ya ce in tsince shi cikin kwano, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Waken ya zube, in dube shi, ya dubi sama. Ranar da na fashe da kuka a gabansa, ni da nake da jikoki, bai lallashe ni ba. Ya jira na gama, ya turo faifan da ƙafa. Na ƙi shi a ranar nan, ƙi na gaske. Sai daga baya Hawwa ta faɗa mini ta same shi a zaure yana share ido da bakin rawaninsa, ya ce kada ta kuskura ta gaya mini. Yakan tsokane ni ya ce mushen da ya saba cewa yara su sake, yau ga shi ana ce masa ya sake. Kuma ba kowa yake ɗaure wa hannu ba. Akwai wani makiyayi daga Tenhya da ya duba, ya ga yatsun ba sa motsi ko kaɗan, ya gaya masa gaskiya cewa ɗauri ba zai amfane shi ba, ya nuna wa 'ya'yansa wata hanyar. Ba ya sa wa kowa rai a kan ƙarya.

Ranar da na fara kai loma bakina da dama, a kwano ɗaya da shi ne. Tuwon ya ɓata mini gaban riga. Ya dai ƙara turo mini miya. Amma ya gargaɗe ni kada in ɗauka an gama: abin da hannun ya koya sabo ne, bai kafu ba, in na sake shi zai zame.

Zuwansa na ƙarshe shi ne abin da ke hana ni sukuni. Muna shan shayi a inuwa, sai kofin ya sulluɓe daga hannunsa. Na ga gefen bakinsa ya ɗan karkace, ya nemi wata kalma bai same ta ba. Kafin in kira Hawwa abin ya wuce. Ya dube ni ya ce, "Na ga abin da ka gani, Mushe. Wannan sallama ce, baƙon na nan tafe." Ya je Damagaram an duba shi, ya riƙe maganin hawan jini da kyau, amma ya san nisan da ke tsakanin garuruwanmu da inda ake iya ceton ƙwaƙwalwa in jini ya toshe ko ya fashe. Ya ce abin da ke damunsa ba kansa ba ne. Ciwon na ƙara yawa a ganinsa, har cikin waɗanda ba su tsufa ba, mutane na yawo da hawan jini ba su taɓa aunawa ba, kuma in ya tafi za a koma naɗe hannuwa da man shanu. Na ce masa Allah ya kiyaye. Ya ce amin, amma bai yi dariya ba.

Abin da ya ji tsoro ya fara tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. A wurin zaman makoki na ga wata tsohuwa daga Ollelewa da yake dubawa, an mayar mata da hannun cikin rataya. 'Yarta ta ce tausayinta suke ji. Ni kaina ban ɗaure hagun ba tsawon kwanakin ta'aziyya, don ba a karɓar gaisuwa da hannu a ɗaure. Da na dawo gida na tarar da yatsuna biyu na dama sun fara lanƙwashewa cikin tafi, sai na buɗe su da ɗayan hannun. Alhaji Sale ya ce mini, cikin taushi wannan karon, in haƙura haka nan, na sami rabona, wanda ya sa ni ɗaurin ma ya tafi. Ina tsoro, jama'a. Ina tsoron ranar da zan farka in ji hannun nan ya sake yin shiru, ba kuwa mai tsayawa a gabana ya ƙi karɓar hagu.

Kafin in baro Tanut, Hajiya Zuwaira ta aiko a kira ni bakin ƙofar ɗakin takaba. Ta miƙo mini wani farin ƙyalle sabo, a ninke. Ta ce tun ranar da kofin ya faɗi Lokotoro ya yanko ƙyallen, ya zaunar da ita ya koya mata ɗaurin, ya ce in ciwon ya zo ya bar shi da rai, ta ɗaure shi ko yana kuka, kada ta saurare shi. Ta ce, "Malam Isufu, bai ba ni damar ɗaura masa ba. Ka tafi da shi."

Shi ne a ƙirjina yanzu. Hawwa ce ta ɗaura mini da safe, ta ja shi da ƙarfi kamar yadda yake yi. Rubutun nan ya ci mini kwanaki, ya karkace, alƙalamin ya faɗi sau da yawa, kuma ban san ko baɗi zan iya yin irinsa ba.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Lawali, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa bin sa da lada. Ka ba Hajiya Zuwaira da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri da juriya, ka zama gatansu bayansa. Ka tausaya wa marasa lafiyar da ya bari a tsakiyar hanya, ka kawo mana wanda zai ɗora daga inda ya tsaya. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Hannu ɗaya na ɗaga maka a wannan addu'a, ya Ubangiji, yatsu biyu a lanƙwashe. Na dama ne. Ka karɓa domin wanda ya tashe shi. Amin.